Ko Ya Kamata A Sha Maganin Mantuwa?

Kwanakin baya, bayan an tashi daga darasi, wani ɗalibinmu na ajin ƙarshe ya biyo ni har ofis, ya yi sallama, na ce ya shigo ya zauna. Ya daɗe yana jujjuya littafinsa a hannu bai ce kome ba. Can sai ya ce, "Malam, don Allah tambaya ce ta kawo ni. Wai da gaske ne Turawa sun yi wani magani wanda in mutum ya sha zai manta da mugun abin da ya gani?"

Na ce, "Mene ne ka ke so ka manta, ɗana?"

Sai ya ba ni labari, ya kuma yarda in faɗa muku, muddin ban ambaci sunansa ba. Yana ɗan shekara 11 ran Laraba 29 ga Oktoba 2014, ranar da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi. Shi da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu suka bi ayarin masu gudu da ƙafa, suka nufi duwatsun da ke wajen iyakar Kamaru. A kan hanya aka harbe kawunsa a gabansa, ba kuwa wanda ya iya tsayawa ya rufe shi. Yau fiye da shekara 10 ke nan, amma ya ce da wuya mako ya wuce bai ga hanyar nan a mafarki ba. Abin da ya kawo shi wurina kuwa shi ne, sa'ad da ya ke gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi, bai san lokacin da ya shige ƙarƙashin tebur ba, yara suna ta dariya. Ya ce, "Malam, da wane ido zan sake tsayawa gabansu?" Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai, ya ce tun bara ya ke sayen ƙwaya wurin wani mai tebur don ya sami barci.

Ban iya ba shi amsa a ran nan ba, domin ni ma na yi wannan gudu, ni ma akwai abin da na ke so in manta. Na ce ya ba ni 'yan kwanaki. Na tafi na yi karatu, na tambayi waɗanda suka san aikin asibiti. Abin da na samo na ga ya dace in sa shi a mujallarmu, gama ba shi kaɗai ba ne. Garin nan ya ga abubuwa. A farkon Oktoba 2012 'yan bindiga suka shiga Wuro Patuji da dare suka kashe fiye da mutum 20, yawancinsu ɗalibai. A 2014 aka riƙe garin kamar mako biyu, har aka sake masa suna, kafin sojoji da maharba da 'yan banga su ƙwato shi. Ran 21 ga Nuwamba 2017 bom ya tashi cikin masallaci a Unguwar Shuwa da asuba, mutum 50 ko fiye suka rasu. Ran 1 ga Mayu 2018 aka sake tada wasu biyu. Yaran da su ke firamare cikin waɗannan shekaru su ne yau ke zaune a azuzuwanmu, gobe kuma su za a danƙa wa 'ya'yan jama'a.

YADDA TSORO KE RUBUTU A ƘWAƘWALWA

Ko wane malami ya san yaro ya kan manta da darasin shekaranjiya, amma ba ya manta ranar da kunama ta harbe shi, har rigar da ya sa a ran nan yana tunawa. Ga dalili. Sa'ad da mutum ya firgita, jikinsa ya kan saki wani ruwa wanda likitoci ke kira adiranalin, da ɗan'uwansa noradiranalin. Su ne ke sa zuciya ta buga da ƙarfi, gumi ya karyo, ƙafa ta yi sauƙin gudu. Can cikin ƙwaƙwalwa kuma akwai wani ɗan ƙullutu a ko wane gefe, kamar ƙwayar gujiya, sunansa amigdala, aikinsa irin na mai gadi ne. In razana ta tada shi sai ya yi wa sashen da ke ajiye labari tsawa, kamar ya ce, "Danna alƙalami da kyau, kada a manta da wannan!" Wannan kuwa rahama ce, don ba domin haka ba da mutum sai ya riƙa komawa ramin da ya taɓa faɗawa. Shi ya sa a ke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Amma wani lokaci a kan danna alƙalamin har ya huda takarda. Mutum ya riƙa ganin abin a mafarki, ko ido biyu, kamar yanzu ya ke faruwa. Ya riƙa kauce wa hanyar da abin ya auku, ko kasuwa, ko sahun farko a masallaci ko majami'a. Ƙofa in ta bugu ya zabura, barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan ya ba shi haushi. In haka ya wuce wata guda, har ya hana mutum aikinsa, to, ya zama ciwo, mu kira shi ciwon razana. Ba hauka ba ne, ba kuma ragwanci ba ne. Muna yara mun ga irinsa ga wasu tsofaffin sojan Bama, ba mu gane ba. Likitocin Amurka ma sai a 1980 suka shigar da shi cikin littafinsu na cututtuka, bayan sun ga halin sojojinsu da suka komo daga yaƙin Biyetnam.

Ku lura da abu guda, domin zai yi mana amfani nan gaba. Yawancin mutanen da suka ga tashin hankali su kan sha wuya na 'yan makonni, sa'an nan su warware da kansu, da taimakon dangi da addu'a da komawa aiki. Kaɗan ne abin ke zame wa ciwo. Amma inda aka yi yaƙi, kaɗan ɗin nan na da yawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mutum 1 cikin 5 a wuraren da aka yi yaƙi yana fama da wata larura ta tunani, ko wannan, ko baƙin ciki mai tsanani, ko fargaba, ko makamantansu.

ƘWAYAR DA A KE MAGANA A KANTA

To, akwai maganin mantuwa? Amsa a taƙaice ita ce babu. Har yau ba wata ƙwaya da za ta zaɓi labari guda cikin kan mutum ta share shi yadda a ke share allo. Abin da ke akwai wani abu ne dabam, labarinsa kuwa yana da ban sha'awa.

Akwai wani tsohon maganin ciwon zuciya da hawan jini, sunansa na likita furofaranolol, an fi saninsa da Inderal. Wani masani ɗan Birtaniya, James Black, shi ya ƙago shi a farkon shekarun 1960, har aka ba shi kyautar Nobel a 1988. Aikin maganin shi ne ya toshe ƙofofin da adiranalin ke shiga, don zuciya ta huta. Daga baya sai wasu suka ce, tun da wannan ruwa shi ke sa a danna alƙalami, in an toshe shi fa?

A 1994 wasu masana a Kalifoniya, Larry Cahill da James McGaugh da abokan aikinsu, suka gwada. Suka nuna wa mutane hotuna tare da labarin wani yaro. Wasu aka ba su labarin lami lafiya, wasu aka ce musu mota ta buge yaron ya ji mugun rauni. Bayan mako guda aka yi musu tambayoyi. Waɗanda ba su sha maganin ba sun fi tuna sashen nan mai ban tausayi, kamar yadda aka saba. Waɗanda suka sha kuwa sun tuna labarin, amma sashen bai fi sauran zama musu a kai ba.

A 2002 wani likita a Boston, Roger Pitman, ya kai gwajin asibiti. Ya ɗauki mutum 41 waɗanda aka kawo bayan haɗari, ya fara ba su ƙwaya kafin awa 6 ta wuce, har kwana 10. Wasu ainihin maganin, wasu ƙwayar wofi mai kama da shi, ba wanda ya san wadda aka ba shi. Bayan wata 3 aka sa wa wasunsu labarin haɗarinsu a faifai, ana auna bugun zuciyarsu da guminsu. Cikin mutum 8 da suka sha maganin ba wanda jikinsa ya tashi. Cikin 14 da suka sha ta wofi, 6 jikinsu ya tashi. Jaridun duniya suka ɗauka, daga nan aka fara maganar maganin mantuwa. Sai dai mutanen sun yi kaɗan a yanke hukunci a kansu, kuma gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su nuna cewa ƙwayar tana hana ciwon razana kamuwa ba.

Ban da haka, ina amfanin maganin da sai cikin awa 6, ga wanda ya kwana uku a kan dutse? Wani bincike ne ya buɗe wata ƙofa. A 2000 Karim Nader, yana aiki a kan ɓeraye a Amurka, ya nuna cewa duk sa'ad da aka tuno abu, abin ya kan yi laushi kamar ɗanyen yumɓu na 'yan sa'o'i, sa'an nan ya sake bushewa. Watau tunawa ba kamar ɗauko littafi a karanta a mayar ba ce, ta fi kama da wanke allo a sake rubutawa. Sai Alain Brunet, a Kanada, ya ce to, bari a ba mutum ƙwayar, bayan kamar awa ɗaya da rabi a sa shi ya rubuta ko ya karanta labarin abin da ya same shi, don in labarin zai sake bushewa ya bushe ba tare da razanar ba. A 2018 ya buga sakamakon gwaji a kan mutum 60, sau ɗaya a mako har mako 6, waɗanda suka sha maganin suka fi samun sauƙi. An yi amfani da dabarar a Faransa bayan harin Faris na Nuwamba 2015, wanda ya ci mutum 130. Amma wani gwajin da aka yi daga baya bai sami bambanci tsakanin maganin da ƙwayar wofi ba, saboda haka har yanzu abin yana matakin bincike.

Ga abin da ya kamata ku riƙe. Ko inda dabarar ta ci, mutum ba ya manta kome. Ya san ranar, ya san wurin, ya san wanda ya mutu. Dafin ne ke raguwa. Kamar miki ne ya koma tabo, tabon yana nan, amma in an taɓa ba ka zabura. Kada kuma wani ya karanta wannan ya ruga kyamis. Maganin yana iya kashe mai ciwon asma, yana da haɗari ga mai raunin bugun zuciya, yana kuma ɓoye wa mai ciwon sukari alamar cewa sukarinsa ya faɗi.

MASU ƘI DA MASU SO

Tun kafin a tabbatar ko maganin yana aiki aka fara gardama a kan ko ya kyautu a sha. A 2003 wata majalisar masana da shugaban Amurka George Bush ya naɗa, Leon Kass na shugabanta, ta fitar da rahoto mai jan kunne. Hujjojinsu na auna su da halinmu na nan, ga yadda na gan su.

Ta farko, sun ce zafin tunawa wani sashe ne na gaskiyar abin da ya faru. In mutum ya tuna kisan kawunsa kamar yadda ya ke tuna farashin gero, to, bai tuna gaskiya ba. Wannan magana tana da nauyi. Amma sai na tambayi kaina, wane ne ya fi riƙe gaskiya, wanda ke shiga ƙarƙashin tebur don taya ta fashe, ko wanda zai iya zama ya ba da labarin daga farko har ƙarshe yana hawaye? Baƙin ciki dabam, razana dabam. Baƙin ciki girmamawa ce ga mamaci. Razana kuwa ƙarya ta ke yi wa jiki, tana ce masa har yanzu ana 2014.

Ta biyu, sun ce wahala makaranta ce, ita ke koya wa mutum haƙuri da tausayi. Mu ma haka iyayenmu suka koya mana, Musulminmu da Kiristanmu. Amma ban taɓa jin malami ko fasto ya hana wanda ya karye zuwa wurin maɗori don wai ya koyi haƙuri ba. Ba ya kyautuwa mai ƙoshin lafiya ya zaɓa wa wani wahala, ya ce za ta gyara shi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Ta uku ita ce ta fi kama ni. Sun ce tunawa ba ta mutum ɗaya ba ce, ta jama'a ce. Wanda ya gani shaida ne, kuma da shaida a ke shari'a, da ita a ke rubuta tarihi. Tun Oktoba 2017 aka fara shari'ar waɗanda a ke tuhuma da Boko Haram a Kainji. Ku ɗauka da akwai ƙwayar da ke share labari ƙaƙaf, aka raba ta a sansanonin 'yan gudun hijira. Wa zai faɗi abin da aka yi a Mubi, da Michika, da Madagali? Wa zai tsaya ya ce ga wanda ya yi, ga kuma wanda ya kamata ya tsare mu ya gudu? Irin wannan magani ba wanda zai fi murna da shi kamar mai laifi, da mai mulkin da ba ya son tambaya. Duk da haka ba daidai ba ne a ce wa yarinyar da aka sace ta ci gaba da ƙonewa don mu sami tarihi. Kuma abin da na gani shi ne, razana ce ke rufe bakin mutane. Wanda ya sami sauƙi shi ke iya magana.

Ta huɗu, me za a ce da wanda ya aikata? In mutum ya yanka wani, abin yana hana shi barci, wannan rashin barci shi ne ƙofar tuba. In aka ba shi abin da zai kwantar masa da rai kafin ya amsa laifinsa, an rufe ƙofar. Maganar nan ta shafe mu, domin tun 2016 gwamnati ta buɗe shirin karɓar tubabbu, ana horar da su a Malam Sidi ta Jihar Gombe, ana mai da su cikin jama'a. Sai dai a nan ma abin ba shi da sauƙi. Da yawa cikinsu suna yara aka sace su aka ɗora musu bindiga, sun cuta, an kuma cuce su. A ganina a yi musu maganin razana kamar kowa, amma kada magani ya zama madadin faɗin gaskiya da neman gafarar waɗanda aka zalunta.

Ta biyar, tun da yawancin mutane su kan warware da kansu, ba kuma a iya sanin wanda abin zai zame wa ciwo tun ran farko, in aka ce a ba kowa ƙwaya nan take, za a shayar da masu yawa abin da ba su bukata. Mutumin da aka ciro daga cikin ƙura da jini kuwa, hankalinsa ba ya jikinsa, ina ya ke da natsuwar da zai ce ya yarda ko bai yarda ba? A kan wannan na goyi bayan masu ƙi.

MAGANIN MANTUWAR DA KE KASUWARMU

Duk gardamar nan ta Turawa a kan ƙwayar da ɗalibina bai taɓa gani ba ce. Wadda ya ke sha ita ce tiramadol, samari na ce mata tiramol. Ita ce ainihin maganin mantuwar ƙasar nan, ita da kodin, da ƙwayoyin barci irin su Valium, ba kuwa wata majalisa da ta zauna kafin a fara sayar da su a tebur.

Tiramadol maganin zafin ciwo ne, dangin ofiyom, yana da amfani a hannun likita. Hukumar NAFDAC mai miligiram 50 da mai 100 ta yarda da su, likita kuma ba ya wuce 400 a yini. Amma waɗanda a ke fasa-ƙwaurinsu akwai mai 200, akwai mai 225, saurayi kuwa ya haɗa biyu ko uku ya kora da shayi. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun sha wani abin maye cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin waɗannan magungunan zafin ciwo ne suka sha ba da izinin likita ba. A Mayu 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Abin takaici kuma, waɗanda suka tsero daga daji sun sha faɗin cewa da wannan tiramol ɗin a ke ɗirka wa mayaƙa kafin su fita, don kada su ji tsoro ko tausayi. Ƙwayar da ta taimaka aka yi ɓarnar, ita ce kuma a ke sayar wa waɗanda aka yi wa.

Tiramol ba ta cire dafi. Rance ta ke ba ka, na sa'o'i kaɗan, da ruwa mai yawa. In ta sake ka, labarin yana nan inda ka bar shi, ga kuma jiki yana neman ƙari. Gobe ɗaya ba za ta isa ba. Tana jawo farfaɗiya, in an haɗa ta da ƙwayar barci ko giya tana iya tsai da numfashi. Ƙwayoyin barcin ma, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi likitoci kada su ba da irin su Valium don rage razana cikin watan farko bayan tashin hankali, domin ba a ga amfaninsu ba, suna kuma iya jinkirta warkewa, ga sabo. An guji gara ke nan an faɗa gidan zago.

INDA NA TSAYA

Bayan duk wannan, ga ra'ayina, wanda ya ga kuskure ya rubuto wa Edita. Neman sauƙi daga razana ba laifi ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba ne. Abin dubawa shi ne wane magani, a hannun wa, don amfanin wa. Ya zama mai ciwon ne ya nema da bakinsa, bayan an gaya masa gaskiyar abin da maganin ke yi da abin da ba ya yi. Ya zama a hannun likita. Ya zama dafin a ke cirewa, a bar masa labarinsa. Kada kuma a ba mutum magani don ya daina damunmu, ko don ya daina tambayar haƙƙinsa. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ita ma ta ba mai ciwo bakin magana a kan yadda za a yi masa magani.

Abin da likitoci suka fi amincewa da shi a yau ma ba ƙwaya ba ce, magana ce, a wurin wanda aka horar. Akwai wata dabara da masanan Jami'ar Konstanz ta Jamus suka gwada cikin 'yan gudun hijirar Sudan a Uganda. A shimfiɗa igiya a ƙasa, ita ce rayuwar mutum. Ya ɗora dutse a inda ya ga masifa, fure a inda ya ga alheri, sauran igiyar a bar ta a naɗe, ita ce kwanakin da ke gaba. Sa'an nan a bi labarin sannu sannu, zama bayan zama, ana rubutawa, har ranar nan ta koma mazauninta cikin jerin kwanaki, ta daina zama yau. A ƙarshe a ba mutum labarinsa a rubuce. Kun ga an sami sauƙi, an kuma sami shaida. Akwai kuma magungunan baƙin ciki da likita kan haɗa da wannan in ya ga bukata. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, amma akwai asibitin Gwamnatin Tarayya na wannan fanni a Maiduguri, kuma daga asibitin da ke kusa a kan tura mutum inda ya dace.

Ku kuma da za ku fita ku riƙe aji, ba ku zama likitoci ba, kada ku rubuta wa kowa magani. Amma ku ne za ku fara gani. Yaron da ke barci kullum a aji, ko wanda ke zabura in an buga tebur, ko wanda ba ya zama sai kusa da ƙofa, ku bincika kafin ku ɗauki bulala. Kada ku tilasta wa yaro ya ba da labarinsa gaban aji, ko ma ku biyu, in bai shirya ba. In ya fara da kansa, ku saurara har ya gama, kada ku katse shi da "ka manta kawai". Ku hana sauran yara yi masa dariya. In kun ga abin ya fi ƙarfinku, ku ga iyayensa, ku nuna musu hanyar asibiti. Wanda kuma ya riga ya saba da ƙwaya, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, ya nemi likita ya rage masa sannu sannu.

Da ɗalibin nan ya komo na gaya masa duk wannan. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, da a ce akwai wanda ke sharewa duka, kai za ka sha?" Na ce na daɗe ina tunani, ina jin ba zan sha ba, amma ba zan zargi wanda ya sha ba. Ya ce shi ma ya yi tunani cikin kwanakin nan. Mahaifiyarsa ta rasu, ƙannensa kuwa suna ƙanana a lokacin, ba su riƙe kome ba. Duk duniya shi kaɗai ya san gindin itacen da kawunsa ya faɗi. 'Ya'yan kawun sun girma, sun fara tambaya. Ya ce, "In na manta, Malam, wa zai kai su?"

Ranar Litinin da ta biyo na raka shi asibiti. Ya fara zuwa, an fara rage masa ƙwayar, ya ce har yanzu yana mafarkin, amma ya koma makarantar nan ya ƙarasa gwajinsa. Allah ya ba shi lafiya, da duk mai fama da irin wannan, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Haza wasalam.